Machu Picchu da yara uku da tsohuwa, zai yiwu ko mu haƙura?

Uwar Uku:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen duk wanda ya taɓa zuwa Peru, musamman in da iyali ya je. Maigidan ne ya samu hutun sati biyu a watan Agusta, ya kuma dace da hutun yara, shi ne ya ce bana kam sai ya ga Machu Picchu, tsohon kufan nan da ke kan dutse a Peru, da idonsa, tun ina amarya nake jin wannan zancen, hoton wajen ne ma a fuskar wayarsa shekara da shekaru. Ni ban ƙi ba, to amma ba mu biyu bane. Akwai yara uku, babban shekara 14, mai bi masa 9, auta 4, ga kuma Hajiya mahaifiyarsa da ta ce ƙafarmu ƙafarta, ita kuma shekararta 66 kuma gwiwa ɗaya tana taɓa ta in ta hau bene da yawa.

Kwana uku kenan ina bincike a intanet har kaina ya ɗau zafi. Wani ya ce wajen tsayi ne da shi har numfashi na yi wa mutum wuya, wani ya ce a'a ba komai. Na shiga wajen sayen tikiti na ga an raba shi hanya-hanya, ta 1 ta 2 ta 3 kowacce kuma da 'ya'yanta, na rasa wacce zan taɓa. Jirgin ƙasan kuwa da na lissafa kuɗin mutum shida sai da na ajiye wayar na sha ruwa. Shi oga ya ce mu sauka birnin Kusko mu kwana uku mu ga gari sannan mu wuce kufan, wai haka kowa ke yi.

Tambayata, zai yiwu da yarinya 'yar shekara 4 da tsohuwa mai ciwon gwiwa, ko dai wahala kawai za mu saya da kuɗinmu? Kuma me ake fara saye, tikitin shiga ko na jirgi? Sai maganar abinci, auta in ba ta san abu ba ko kallonsa ba ta yi. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Baban Tagwaye:

Wa alaikumus salam Maman yara. Mun je a Agustan 2024 ni da uwargida da tagwayenmu, lokacin suna shekara 7, don haka abin da na gani zan faɗa miki ba wanda na ji ba. Zai yiwu, amma ba a tsarin da oga ya kawo ba, ki ba shi haƙuri.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne Machu Picchu ba shi ne mai tsayin ba. Kufan yana kan mita 2,430 ne, Kusko kuwa wajen mita 3,400, wato garin da jirgin sama zai sauke ku ya fi wajen da za ku je gani tsayi da kusan kilomita guda. Kin taso daga Lima, babban birnin ƙasar da ke bakin teku, awa ɗaya da 'yan mintuna an dire ki a can sama, jiki bai shirya ba. Mu mun tafka wannan kuskuren, muka kwana Kusko daren farko, ɗaya cikin yaran ya kwana yana amai, ni kuma kaina kamar ana sara da gatari, bene hawa ɗaya na otal sai na zauna ina haki kamar wanda ya fito daga filin dambe. Washegari muka tattara muka gangara kwarin Urubamba, kafin la'asar yaron ya fara tambayar abinci.

To ku kada ku fara da Kusko, ku ƙare da ita. Daga filin jirgi ku ɗau mota kai tsaye zuwa Ollantaytambo, direbobi Oyanta kawai suke cewa, tafiyar kamar awa biyu ce kuma garin yana wajen mita 2,800. Ku kwana biyu a nan. Ba zaman banza za ku yi ba, garin kansa na Inka ne, wato tsohuwar daular da ta gina Machu Picchu, lungunan dutse ne da ruwa ke gudu a kwatoci a gefensu kuma har yau mutane na zaune a ciki, ga ganuwa hawa-hawa a bakin gari, in Hajiya ta iya hawa rabinta ba tare da matsala ba to kun san za ta iya Machu Picchu, gwaji ne mai kyau. Tashar jirgin ƙasa ma a nan take. Kamfani biyu ne, PeruRail da Inca Rail, tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa biyu a bakin kogi har Aguas Calientes, ƙauyen da ke gindin dutsen. Eh da tsada, amma babu titin mota da ya kai ƙauyen, wanda bai son biyan jirgi sai ya sha mota awa shida ko bakwai ta wata hanyar zagaye sannan ya taka wajen kilomita 10 a gefen layin dogo, wannan na samari ne masu jakar goyo ba na mai tsohuwa ba. Ƙaramar jaka kawai ake so a shiga jirgin da ita, manyan akwatuna ku bar su a otal ɗin Oyanta.

Tikitin shiga shi ne farko, sannan jirgi, sannan otal, kada ki juya. Tikitin yana ɗauke da rana da awa da hanyar da za a bi da suna da lambar fasfo, kuma a ƙofa sai sun haɗa shi da fasfon. Lokacin da muka je sol 152 ne babba (sol kuɗin Peru ne), yara sol 70, 'yan ƙasa da shekara 3 ne kawai ba sa biya, kin ga auta ta shiga lissafi. Akwai ƙayyadadden adadi kullum, lokacin cunkoso mutum 5,600, kuma Agusta tsakiyar cunkoson ne. Ana sayar da guda 1,000 kullum hannu da hannu a Aguas Calientes, amma wa zai kwashi mutum shida ya je ya dogara da layi.

Hanyoyin da suka ruɗe ki, tun Yunin 2024 aka yi wannan tsarin. Ta 1 can sama ce, kallo ne daga nesa da hoton nan da ke wayar oga, amma ba a shiga cikin gidajen. Ta 2 ita ce cikakkiya, a hau sama a ɗau hoto a sauko a ratsa cikin gari, awa biyu da rabi ko fi, ita ke fara ƙarewa kuma ita ce mai cin gwiwa. Ta 3 ta ƙasa ce, matakalarta ta fi sauƙi, tana bi ta ɗakin ibadar rana da gidan sarki da wajen dutsen da aka sassaƙa kamar babbar ungulun nan tasu kondo. Ni da ni ne ku, ta 3 zan saya wa Hajiya da ke da ƙananan. Shi oga da babban yaron in suna jin ƙarfi su sayi mai haɗe da hawan Huayna Picchu, dogon dutsen nan da ke bayan kufan a hoto, sol 200 ne lokacin da muka je kuma ba a barin ƙananan yara su hau, shi ma ta hanya ta 3 ake zuwa gindinsa.

Daga ƙauyen bas ake hawa, minti 25 zuwa 30 yana lanƙwasa yana hawa, dala 24 muka biya zuwa da dawowa kowane babba. Ku kwana a ƙauyen ku hau da safe ya fi a ce kun taso daga nesa da asuba da yara suna gyangyaɗi.

Sai ƙananan abubuwan da ke ɓata tafiya. Babu banɗaki a ciki, ko ɗaya, a waje yake bakin ƙofa ana biyan sol 2, kuma in kin shiga kin fita ba komawa, hanyar ma gaba kawai ake yi ba a juyawa baya, to auta ta shiga banɗaki ko ta ce ba ta ji. Ba a shiga da keken tura yaro, ba lema, ba babbar jaka, ba abinci. Sanda ana barin tsofaffi in tana da roba a gindi, ki saya wa Hajiya. Sannan akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari da ba a ma ganinsu sosai, cizonsu sai bayan kwana biyu yake tashi, uwargida ta yi sati tana susar ƙafa. Dogon wando da safa da maganin shafawa, kada a manta.

Mai Jinya:

Sannu Yaya. Baban Tagwaye ya gama magana kan tsari, ni abu ɗaya ya sa na shigo kuma shi ne ban ga an taɓo ba. Kun san jinin kowa a gidan? Ina nufin AA, AS ko SS. Ban tambaya don tsoratarwa ba, amma a kan tsauni wannan ba ƙaramar magana bace gare mu. A Kusko kowane numfashi da kika ja oksijin ɗin da ke ciki kamar kashi biyu cikin uku ne na wanda kike samu a bakin teku, kuma ƙarancin oksijin da bushewar jiki su ne ke sa ƙwayoyin jinin mai sikila su lanƙwashe. Mai SS kam a haƙura da irin wannan tsayin. Mai AS yawanci lafiya lau yake zuwa ya dawo, amma an sha samun wanda jini ya toshe masa a saifa bayan hawa tsauni, har a can Peru ɗin, mutumin da bai taɓa ciwo ba a rayuwarsa, wani ma a nan yake fara sanin AS ne shi. Alamarsa ciwo mai tsanani a hagu ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci ya harba har kafaɗar hagu. In haka ta faru ba batun a sha shayi a kwanta bane, asibiti za a nufa a faɗa musu mai AS ne, oksijin da ƙarin ruwa da sauka ƙasa su ne maganin a mafi yawan lokaci.

Shi kuma ciwon tsayi na kowa da kowa, soroche suke ce masa, yakan fara awa 6 zuwa 12 bayan isa, ciwon kai da tashin zuciya da kasala da rashin barci. Babba zai faɗa, 'yar shekara 4 ba za ta ce miki kanta na ciwo ba, rigima kawai za ta yi ta ƙi abinci ta ƙi wasa, sai ki lura kada ki ce halinta ne. Kuma ba ruwansa da ƙarfi, sai ki ga Hajiya garau shi oga a kwance. Abin da ba a wasa da shi: haki alhali mutum na zaune, tari mai majina, tangaɗi in ana tafiya, ko ruɗewa. In an ga ɗaya daga ciki a sauka ƙasa a lokacin ko da tsakar dare ne.

Akwai maganin da likitoci ke rubutawa a fara sha kafin hawa, acetazolamide, amma kada ki saya da kanki, ku je da Hajiya a duba hawan jininta da zuciyarta da magungunan da take sha tukunna. Za a yi ta miƙo muku shayin ganyen koka a otal, ganyen da ake yin hodar iblis da shi, a can halal ne a dokarsu kuma al'adarsu ce, amma ni ba zan ba yara ba, kuma kada wanda ya sako ganyen ko shayin a jaka wai tsaraba, a yawancin ƙasashe laifi ne shiga da shi, yana kuma iya fitowa a gwajin ƙwaya. Akwai wani shayin na wani ganye mai kama da na'ana'a, muña suke ce masa, shi ya fi kwanciyar hankali. Rana kuma tana da zafin ƙuna a can sama ko ana sanyi, hula da man kare fata har leɓe.

Anti Ba Ruwana:

Ni dai bari in faɗi nawa ko ba za a so ba. Ƙanwata, auta ba abin da za ta tsinta a can. Na je da tawa tana shekara 3 da rabi, minti ashirin da shiga ta ce a ɗauke ta, sauran awa biyun a bayana ta yi su, ina hawa matakalar da wasu tsayinsu ya kusa gwiwata, wasu wuraren ba ko abin dafawa sai rami a gefe, ni ban kalli gini ba ƙafata nake kallo. Yau in ka tambaye ta me ta gani a Peru cewa take raƙumi mara tozo, lama kenan da ke kiwo a kan gonakin hawa-hawa na kufan, shikenan abin da kuɗin nan ya saya mata. In da mai zama da ita a ƙauyen na rabin yini wallahi da ya fi muku sauƙi, ita da Hajiya su yi zamansu su zaga kasuwa.

Kuma mu a Fabrairu muka je, tsakiyar damina, don an ce ba cunkoso. Gaskiya ne ba cunkoso, ba kuma kufai, hazo ne fari fat muka tsaya muna kallo har wajen ƙarfe goma kafin ya ɗan yaye. Ku kun yi dace, daga Mayu zuwa Satumba rani ne a can, amma ku sani hunturunsu ne, dare a Kusko sanyi yakan kai kusan sifili, ku tafi da kayan sanyi na gaske. Duk da haka ki saka rigar ruwa ta leda a jaka, wajen bakin daji ne, ruwa ba ya sallama.

Abu na ƙarshe, ku bar kwana ɗaya fanko bayan ranar kufan, kada ku saka jirgin sama a daren. Layin dogo ɗaya ne tal, in ya tsaya kowa ya tsaya. A Janairun 2010 ambaliya ta cinye layin sai da jirage masu saukar ungulu aka kwashe mutane, wajen bai buɗe ba sai Afrilu. A Janairun 2023 ma an rufe shi makonni saboda zanga-zanga. Mu namu jinkirin awa uku ne kawai amma da yarinya mai jin yunwa a tasha kamar kwana uku ne.

Tsohon Malami:

Salamu alaikum. Anti ta faɗi gaskiya kan auta, amma ban yarda a bar Hajiya a ƙasa ba, wadda ta ratso rabin duniya a ce ta tsaya minti 30 daga wajen? A bi da ita a hankali, ba wanda ke kora. Ni tawa damuwar na kan manyan yaran biyu ne. Na ga iyalai da yawa a can, yaran suna biye suna danna waya don ba wanda ya gaya musu me suke kallo, duwatsu ne kawai a jere. Ki ba su labarin tun a gida, sai su shiga suna neman abin da aka faɗa musu.

Ki ce musu wani sarki ne mai suna Pachacuti, wanda ya mai da Kusko daga ƙaramar masarauta zuwa daula, ya sa aka gina wajen a wajajen 1450, kuma masana sun fi karkata ga cewa gidan hutunsa ne shi da fadawansa, ba babban birni ba, gine-gine kamar 200 ne, mutanen ciki ɗaruruwa ne ba dubbai ba. Kin ga ashe ku ma hutu za ku je gidan hutun wani. Sunan a yaren Kecuwa na mutanen Inka tsohon tsauni yake nufi, kuma Pikcu ake furtawa, a fito da k ɗin. Wajen shekara ɗari kawai aka yi ana zaune ciki. Francisco Pizarro, jagoran mayaƙan Sifaniya, ya kama sarki Atahualpa a Cajamarca a 1532 ya kashe shi a 1533, daula ta watse, aka bar wajen daji ya rufe shi. Turawan Sifaniya ba su taɓa rusa shi ba, shi ya sa ya fi sauran wuraren zama cikakke. Ganuwar Ollantaytambo da za ku fara gani ma tana da nata labarin, a nan sarki Manco Inka ya kori mayaƙan Sifaniya a 1537, ya sako musu ruwan kogi a fili dawakai suka kasa motsi. Yaro ɗan shekara 14 zai so wannan.

Za ku ji ana ta cewa Hiram Bingham na jami'ar Yale ne ya gano wajen ranar 24 ga Yulin 1911. A gaya wa yara daidai: wani manomi Melchor Arteaga ne ya kai shi, ya tarar da iyalai suna noma a kan gonakin, ɗan ƙaramin yaronsu ne ma ya zaga da shi, kuma ya ga sunan wani Agustín Lizárraga an rubuta a bango da shekarar 1902. Shi wani gari daban ma yake nema, Vilcabamba, inda sarakunan Inka na ƙarshe suka fake har 1572. Abin da ya yi shi ne sanar da duniya, ya kuma kwashi kaya ya tafi da su Amurka, sai bayan kusan shekara ɗari aka dawo da su, yanzu suna gidan tarihi na Casa Concha a Kusko, ku leƙa. UNESCO ta saka wajen cikin kayan tarihin duniya a 1983.

Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai ba sarakunan bane, magina ne. Mutanen nan ba su da baƙin ƙarfe, ba keken ɗaukar kaya, ba rubutu sai igiyoyi masu ƙulli da suke lissafi da su. Da dutse suke dandaƙar dutse har ya zauna a kan ɗan'uwansa ba laka ba komai, ko reza ba ta shiga tsakani. Ba duk bangon bane haka fa, ɗakunan ibada da na sarki ne, gidajen ma'aikata da laka aka yi su, ki sa yaran su riƙa bambancewa da kansu, da ganin bango sun san darajar mai ɗakin. Su lura ƙofofi da tagogi sun fi faɗi a ƙasa sun tsuke a sama, bangon kuma ya ɗan jingina ciki, duk saboda girgizar ƙasa ne. A Kusko za su ga shaida, girgizar 1950 ta yi wa cocin Santo Domingo kaca-kaca amma bangon Inka na ɗakin ibadar Coricancha da aka ɗora cocin a kai yana nan tsaye.

Sai ruwa. Wajen yana shan ruwan sama kusan milimita 2,000 a shekara a kan gangare, da ginin banza ne da tuni ya zube cikin kogi. Injiniyan ruwa Kenneth Wright da ya yi shekaru yana nazarin wajen ya ƙiyasta kusan kashi 60 na aikin a ƙarƙashin ƙasa yake. Gonakin nan hawa-hawa kowacce manyan duwatsu ne a ƙasa, sai tsakuwa, sai yashi, sannan ƙasar noma a sama, ruwa ya tsane bai kwashe komai ba. Ruwan sha kuma daga wani marmaro aka jawo shi ta kwata mai tsawon kusan mita 750, ya sauko ta wuraren ɗiba guda 16 a jere, na farkon a bakin gidan sarki, shi ke fara sha kafin kowa. Ki ba 'yar shekara 9 aikin neman ramukan fitar ruwa a jikin bango tana ƙirgawa, sun haura ɗari, za ki ga ta manta da gajiya.

Uwar Uku:

Kai jama'a, Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu haka ba. Mai Jinya kin sa gabana ya faɗi amma gara da kika faɗa, oga AS ne, ta tsakiyar ma AS, ni da sauran AA, Hajiya kuma ba ta taɓa gwadawa ba. Wallahi ko a mafarki ban haɗa wannan da tafiyar ba. Mun karɓi ranar ganin likita sati mai zuwa gaba ɗayanmu, ba za mu sayi komai ba sai mun ji ta bakinsa. Na karanta wa oga maganar Baban Tagwaye ya ɗan yi gardama wai ai shi yana motsa jiki, da na kai wajen saifa sai ya yi shiru, yanzu shi da kansa yake cewa Kusko kwana biyu ya isa kuma a ƙarshe, Huayna Picchu ɗin ma ya ce sai abin da likita ya ce.

Anti na gwada wa Hajiya maganar zama a ƙauye da auta, ta ce ita raino ta zo yi ko kallo? Baba Malam ta ce a gaishe ka da kyau. To da auta za a hau, zan nemi abin goyo mai ɗamara a kafaɗa mu riƙa karɓa-karɓa da babanta. Saura abinci, har yanzu ba wanda ya ce min komai.

Baban Tagwaye:

Afuwan Maman yara, na sha'afa. Abinci ba zai ba ku wahala ba in kin riƙe kalmomi kaɗan. Naman alade cerdo ko chancho suke ce masa, chicharrón ma in ba a ce na kifi ko na kaza bane to shi ne, kuma a tambaya ko a miya don suna sakawa. Mu kifi muka lazimta, trucha, na ruwan sanyi ne ana samunsa ko'ina a kwarin a soye ko a gashe da shinkafa da dankali. Akwai miyar kinuwa, wani ƙanƙanin hatsi nasu, mai ɗumi da ta fi komai daɗi a daren farko da ciki bai son nauyi. Dankali kuwa asalinsa can ne, kala-kala har da shuɗi da ja, ga wata masara mai manyan ƙwayoyi kamar kan yatsa da ake dafawa a sayar da yankin cuku a tashar jirgi, tagwayena da ita suka rayu, ina jin auta ma ba za ta ƙi ba. Za a yi ta tallata muku cuy, wani ɗan dabba ne kamar ɓera ana gasa shi sukutum har da haƙora, kallo kawai muka yi.

A kula da abin shan da suke ce wa chicha, iri biyu ce. Morada mai launin shuɗi-ja ta dafaffiyar masara ce da kayan ƙamshi, ba ta bugarwa, yara na sonta. De jora kuwa giya ce, haka pisco da ake ba baƙi kyauta a wasu gidajen abinci wai maraba. Ruwan famfo kada a sha, na gora kawai.

In kun dawo Kusko ku kai yaran ganuwar Sacsayhuamán a saman gari, akwai duwatsun da ɗaya ya haura tan 100, tikitinsa daban ne, muka sayi na haɗaka sol 130 mai kwana 10 wanda ya haɗa da ganuwar Oyanta da kufan Pisac da na Moray, gara ku saye shi tun a Oyanta. Ku hau da tasi kada ku taka. A bayan filin akwai wani dutse mai santsi da yara ke zamiya a kai, awa guda muka yi a nan na kasa raba su da shi, ki saka musu tsohon wando don namu duk biyun a yage suka dawo otal.